Wadda Aka Yi wa Tarbiyya

Shatu ta danna riga ta ƙarshe cikin jaka, ta ja zik da ƙarfi har kansa ya cire ya bar ta riƙe da guntun ƙarfe. Ta yi jifa da shi, ta ɗaure bakin jakar da tsohon kallabi. Rigunan da ke ciki duk alamarsu ɗaya, gefen hagu na wuyan kowace a taune yake kamar akuya ta samu. Mai rigunan kuwa, Nusaiba, tana tsakar gida tsaye kan turmi da ƙafa ɗaya, bakinta cike da wuyan rigar da aka sa mata yanzu yanzu.

"Sauko!" Shatu ta daka mata tsawa. "Sauko tun ban iso ba!"

Yarinyar ta diro. Maimakon ta yi dariya kamar yadda ta saba, sai ta ja baya ta jingina da bango tana kallon hannun Shatu. Jiya ne karon farko da hannun nan ya sauka a kuncinta, tun ranar da aka kawo ta gidan a goye.

Abin da ya faru jiya kuwa ba sabo ba ne, girmansa ne kawai ya fi na kullum. Ana tsakiyar darasi Nusaiba ta tashi ta fice, ta hau bishiyar da ke bayan aji, daga nan ta tsallaka kan rufin kwano, wai tana son ta ga ko daga can ana hango dutsen garin gaba ɗayansa. Da aka sauko da ita wani yaro ya kira ta mai sanƙo, saboda wurin da take murɗa gashinta a saman kunne har ya zube, ita kuma ta kafa masa haƙori a kafaɗa. Shugaban makarantar ya kira Shatu daga rumfarta ta kayan miya, ya ce yarinya tana da ƙwaƙwalwa, ba ta da mugunta, amma su ba su da wanda zai bar aji ya riƙa tsaron mutum ɗaya.

Ma'azu, mijin Shatu, ya fito daga ɗaki yana gyara hula. Mutum ne mai shagon kayan babur a bakin babbar hanyar Dogon Dutsi, kuma shi ne yake tsayawa bayan sallar la'asar ya yi wa samarin 'yan kasuwa nasiha kan tarbiyyar iyali. Ka ji irin gidan da Allah ya zaɓa ya ajiye Nusaiba.

"Kin ji abin da nac ce," in ji shi, bai ko kalli yarinyar ba. "Ki maishe ta, ki ɗauko 'yar'uwar."

"Malam, ɗiya ta hwa, ba tayar babur ba, da za a ce a maida a canzo wata."

"Ɗiya ta, awo. Ke kinka lalata ta. Shekara nawa ina ce maki ki sa mata hannu? Abokina Rabilu ya tahi sayen wake can garinsu, da idonai ya gani. Tun hantsi har azahar yarinya na zamne gindin rumbu tana aikinta, ko motsi ba ta yi ba. Ciki guda, rana guda anka haihe su. Mi ar raba su in ba riƙo ba?"

"Gidan da ka hana ni kai ta ko gaisuwa, kac ce gidan 'yan bori na? Yau shi ne ya iya tarbiyya?"

Sai Ma'azu ya faɗi maganar da duk unguwa take faɗi a bayan idonta. "Tsohuwar nan kakarsu ta haihu, ta san ciwon ɗa, ta san maganinai. Ke ba ki sani ba. Ba laihinki ba na."

Da ya zage ta da ya fi mata sauƙi. Shatu ba ta taɓa haihuwa ba. Da ƙanwarta Sa'adatu ta rasu ta bar tagwaye ba su kai yaye ba, sai dangi suka raba su. Hassana ta zauna wurin kakarta ta wajen uba a wata tunga bayan Dogon Kiriya, Usaina kuma aka damƙa wa Shatu, Ma'azu da kansa ya sa mata Nusaiba. Shatu ta raine ta da madarar gwangwani da kunu da rashin barci. Yau kuma an tattara duk wannan an ce ba laifinta ba ne, wato dai ba ta iya ba. Ta saɓi jaka, ta fizgi hannun yarinyar, suka fita ba ta yi masa sallama ba.

Ranar kasuwar Dogon Kiriya ce, don haka ba su daɗe a tasha ba mota ta cika. An matse su a kujerar baya tsakanin wata mata mai ƙiba da buhun gishiri. Tun kafin su wuce Matankari ƙafar Nusaiba ta fara aikinta, kaɗawa take ba tsayawa, gwiwarta na bugun kujerar gaba. Tsoron safe ya sake ta, baki ya buɗe.

"Umma, can da za mu akwai makarantar lakwal? Umma, Hassana ta san ni? Don mi anka sa kayana duka? Umma, dibi raƙumi!"

"Rufe mani baki."

Ta rufe, ta cusa wuyan riga, ƙafar kuma ta ci gaba. Matar da ke gefensu ta ja tsaki, ta gyara mayafi, ta ce da gilashin mota, ba da kowa ba, "Ɗiyan zamani. Ba a tsawata masu, shi ke nan."

"Baiwar Allah," Shatu ta juyo, muryarta har gaban mota, "in kin iya tsaida ƙahwar nan, ga ta, tsaida ta. In ba ki iya ba, ki tsaida bakinki."

Motar ta yi tsit, sai ƙarar tsakuwa a ƙarƙashinta. Shatu ta kafa ido a kan gonakin da aka gama girbewa, dammunan hatsi jere a bakin hanya. Haushin matar take ji, da na Ma'azu, da na Rabilu mai dogon ido. Amma wanda ya fi ci mata rai shi ne haushin yarinyar nan da ke manne da ita, wadda ta ƙi ta zauna wuri ɗaya ko na yini guda don ta rufa mata asiri. Ta yi lallashi, ta yi alkawarin alawa, ta kai ta wurin malamin ruƙiyya, ta hana ta shan shayi. Can ƙasan zuciyarta kuma akwai wata murya da take cewa wataƙila Ma'azu ne mai gaskiya, kuma wannan muryar ta fi tsana.

Daga Dogon Kiriya suka hau amalanken wani mai komawa tunga. Rana ta take sosai lokacin da suka tsaya a ƙofar gidan, wani gida mai dangar kara da rumbuna biyu. Shatu ta yi sallama, wata murya ta amsa daga ƙarƙashin rumfa. Inna Zalika ce, kakar yaran, ta tsufa fiye da yadda Shatu ta bar ta, tana zaune ta miƙe ƙafafu, gwiwoyinta a kumbure kamar ƙullin dawo.

"Wa nike gani? Shatu? Lale, lale. Yau an tuna da mu." Sai idonta ya sauka kan Nusaiba, ta kama baki. "Allahu akbar. Hassana, ɗago ki ga kanki."

Sai a lokacin Shatu ta lura da ita. A inuwar rumbu, yarinya na zaune ta naɗe ƙafafu cikin zane, ƙwaryar gyaɗa a gabanta tana ɓarewa. Fuskar Nusaiba ce sak, har da 'yar wushiryar. Ta ce, "Sannunku da zuwa," a hankali, idonta a ƙasa, ta ci gaba da aikinta. Ba ta taso da gudu ba, ba ta taɓa jakar baƙi ba, ba ta yi tambaya ko ɗaya ba.

Shatu ta ƙura mata ido. Ashe gaskiya ne. Duk hanya tana fatan ta tarar Rabilu ƙarya ya yi, ga shi kuwa yarinya zaune kamar an dasa ta. Ta sha ruwan da aka miƙo mata ba ta ji ɗanɗanonsa ba. Aka yi gaisuwa, aka tambayi mutanen Dutsi, aka tambayi damina. Ita ta tambayi Sha'ibu, uban yaran, Inna ta ce rabonta da jin muryarsa tun yana Kwatano, yanzu an ce ya yi gaba.

Shatu ba ta iya kwana-kwana ba, yau kuma ba ta da ƙarfin koyo. Ta faɗi abin da ya kawo ta tiryan-tiryan: makaranta ta kori Nusaiba, Malam ya ce a kawo ta nan ta samu irin riƙon da 'yar'uwarta ta samu, a ba su Hassana. Tana faɗi tana jin kowace kalma kamar tana tauna yashi.

Tsohuwar ta dube ta, ta dubi Nusaiba wadda tuni ta zagaya rumbu sau biyu ta leƙa akurkin kaji, sai ta yi wata busasshiyar dariya.

"Shi Malam ɗin yac ce haka? To. Bar mani wadda kinka ga dama, ɗiyata. Ni duk ɗaya na gare ni."

Shatu ba ta gane ba, kuma dariyar ta ƙona mata rai. Ta juya don kada tsohuwar ta ga idonta, sai ta tsaya kallon Hassana da kyau. Wuyan rigarta, gefen hagu, a taune yake, har ya jiƙe. A saman kunnenta akwai fili fari tas inda gashi ya zube, daidai inda na Nusaiba yake. Zanen da ta rufe ƙafafunta da shi kuwa rawa yake yi, rawa ƙanana ba tsayawa, kamar an rufe kaza da shi.

Nusaiba ta gaji da kallon fuskarta a jikin wata. Ta tsuguna ta kama hannun Hassana ta ce, "Taso mu ga rijiya!" Hassana ta saci kallon kakarta, ta kalli ƙofa, sai kawai ta zabura, ƙwarya ta kife. Gudu ta yi irin na Nusaiba, kai a gaba, hannuwa a baya. Ba ta kai ƙofa ba wani abu ya fizge ƙafarta, ta faɗi rub da ciki, ƙura ta tashi.

Igiya ce, irin ta ɗaure akuya, daga idon sawunta zuwa ƙafar rumbu. Zane ne ya ɓoye ta, shi ya sa Rabilu ya yini yana sha'awar natsuwa.

Shatu ba ta san lokacin da ta isa wurin ba. Ta ɗaga yarinyar, ta kama ƙafar. Inda igiyar take zama fata ta yi baƙi ta yi kanta, zobe guda cif. A sharaɓarta da bayanta kuma ga sawun tsumagiya, tsoho da sabo. Hassana ba ta yi kuka ba, ko uffan ba ta ce ba.

"Inna!" Shatu ta miƙe. "Ɗiyar Sa'adatu? Ɗiyar Sa'adatu kinka ɗamre kamar dabba? Ba ki tsoron Allah? Marainiya! Wanga shi na riƙon da ake yi mani gori da shi?"

Ta faɗi maganganu da yawa, wasu ba a faɗa wa tsohuwa. Matan maƙwabta suka leƙo ta saman danga. Inna Zalika ta bar ta har ta gaji, sannan ta janye zane daga gwiwoyinta ta nuna mata.

"Kin gama? To dibi nan. Da wagga ƙahwa za ni bi ta? Bara ta kama igiyar wasaki ta sauka rijiya, wai tana son ta ga inda ruwa ka hitowa. Da ƙugiya anka hiddo ta. Bayan nan ta bi Hulani har wani gari, kwana munka yi muna nema. Ke kina da ƙohwar ƙarhe da makulli. Ni kara gare ni. In na ɗamre ta, da marece ina da jika. In ban ɗamre ba, ban sani ba."

"Bugun hwa?"

"Na buga. Ƙarya za ni yi maki? Na buga har hannuna ya gaji. Na kai ta wurin masu iskoki, sunka ce Doguwa ta, aljanar gidan ga, anka yanka baƙar akuya. Wani malami ya yi rubutu ta sha. Ubanta ma a ƙahwar rumbun ga yag girma, shi ma haka na yi mai, yau ga shi nan, gari bai riƙe shi wata biyu. Kakansu, Allah shi jiƙan shi, ko sallar Juma'a sai ya tashi ya sake sahu. Abin cikin jini shike, tare anka zo da shi." Ta numfasa. "Ke taki, kin buge ta?"

"A'a," Shatu ta ce, sannan muryarta ta yi ƙasa. "Sai jiya."

"To ni tun tana tatata. Diba su."

Shatu ta duba. Yaran sun koma gindin rumbu sun zauna kafaɗa da kafaɗa, suna tsince gyaɗar da ta zube. Kowace wuyan riga a baki, kowace ƙafa na kaɗawa, kamar kiɗa ɗaya suke ji. Ɗaya ta tashi a birni da makaranta da lallashi, ɗaya a tunga da igiya da tsumagiya, ba su taɓa ganin juna da wayo ba. Bambancin kawai, Nusaiba surutu take zubawa, Hassana kuwa sai ta dubi bakin kakarta kafin ta amsa ko da kalma ɗaya.

Kallabin Shatu ya zame saboda faɗan da ta yi. Ta ɗaga hannu da sauri don ta gyara. Nan take Hassana ta dunƙule ta rufe kai da hannuwa biyu. Wannan bai ba Shatu mamaki ba. Abin da ya tsaya mata a rai shi ne Nusaiba, ita ma ta kautar da fuska ta runtse ido. Shekaranjiya ba ta san wannan ba. Mari ɗaya ta sha ta koya.

Fushin da Shatu ta ɗauko tun safe bai tafi ba, sai dai yanzu ta rasa wanda za ta sauke wa, don ita ma tana cikin layin. Ta tsuguna ta kama ƙullin igiyar. Ya ƙi kwantuwa, ya daɗe a wurin. Ta sa haƙori, ta ja, ta sake ja, har ya saki. Sannan ta je ta kwance ɗaya bakin daga ƙafar rumbu, ta naɗe igiyar a hannunta.

"In na bar Nusaiba nan, ita za ki sa ma wagga?"

"Ba ni da wata dabara, ɗiyata."

"To ba ni barin ta. Hassana ma ba ni barin ta."

Tsohuwar ta dubi Hassana. Ita ke ɗebo mata wuta, ita ke miƙo mata buta, ita ke kwana a bayanta. "Mijinki guda yac ce," ta faɗa daga baya.

"Na ji abin da yac ce."

"To ku tahi tun motocin kasuwa ba su watse ba. Ku tahi tun ban sake shawara ba." Ta kira Hassana, ta shafa kanta daidai wurin sanƙon, ta tofa mata addu'a, sannan ta juya fuska wajen danga ba ta sake waiwayowa ba.

Hassana ba ta da kayan da za a ɗaura. Shatu ta kwance jaka ta ciro rigar Nusaiba ɗaya ta sa mata. A hanyar komawa Dogon Kiriya yarinyar ta ƙi hawa amalanke, a ƙasa ta bi shi da gudu, ta wuce jakin, ta dawo, ta sake wucewa, tana ɗan ɗingishi da ƙafar da ta saba da igiya. Nusaiba ce ta zauna. Ta ga igiyar, ta kuma gane inda aka so a bar ta, don haka ta riƙe gefen zanen Shatu gam, har cikin mota ba ta saki ba.

Ana fitowa sallar magariba suka shiga gida. Hassana ba ta taɓa ganin famfo ba. Kafin Shatu ta ajiye jaka ta murɗe shi har ƙarshe, ruwa ya yi tsiri, ta sa kai, ta sa ƙafa, ta haye turmi ta diro cikin taɓo. Nusaiba tana tsaye a bakin ƙofar ɗaki, hannuwa a gaba, ido a ƙasa, tana ƙoƙarin danne ƙafarta da ɗayar.

Haka Ma'azu ya shigo ya same su, carbi a hannu. Ya dubi mai wasa da ruwa, fuskarsa ta haɗe.

"Shatu! Ban ce ki maishe ta ba? Dibi abin da take yi, ko kunya babu!" Sai ya hango ta bakin ƙofa, muryarsa ta yi laushi. "Amma kin ga wagga? Kin ga abin da nike hwaɗa maki? Ko ba a gaya ma mutum ba, ya san an yi mata tarbiyya. Zo nan, ɗiyata, mi as sunanki?"

Ya miƙa hannu zai dafa kanta. Yarinyar ta kauce ta runtse ido.

"Abba," ta ce, "ni ta."

Hannun Ma'azu ya tsaya a iska. Ya dubi wannan, ya dubi waccan, ya sake duban wannan, bakinsa a buɗe. Shatu ta ratsa ta gabansa, ta ɗora masa naɗaɗɗiyar igiyar a tafin hannun da ya miƙa, a kan carbin.

"Ga abin da Rabilu bai gani ba," ta ce. "In kana so, kai ka ɗamra. Ni ba ni yi."

Ta je ta rage famfon ba ta kashe shi duka ba, ta shiga madafa ta ƙara ruwa a tukunya, don yau tuwon mutum huɗu za ta tuƙa.